Keken Jaririn da Na Kai Ɗanzomo

Shekarun baya can, lokacin ƙasarmu ta Gumel tana cikin jihar Kano, naira ma ba ta daɗe da fitowa ba, ina aikin allurar shanu a Maigatari. Shekarata ɗaya da aure. Ɗaki biyu na kama a wani gida da ke bayan kara, wato kasuwar shanu, inda kukan shanu ke tashe mu kafin ladan ya gama kiran assalatu.

Matata 'yar Ɗanzomo ce. Gidansu babban gida ne, in an zauna cin tuwo sai ka ɗauka biki ake yi. Ni kuwa ni kaɗai ne. Cikin 'ya'yan da mahaifiyata ta haifa ni kaɗai na rayu. Mahaifina ban san shi ba sai a labari, ita kuma ta rasu ina makarantar koyon aikin dabbobi. Ƙanin mahaifina da ya kamata ya zame mini uba ya bi hanyar gabas a ƙasa da niyyar hajji tun ina yaro, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. In na je ƙauyenmu wajen Gagarawa, sai dai in gaisa da maƙwabta, in ziyarci kabari, in juyo. Ko aurena ma, maigidana na wurin aiki ne ya karɓa mini, matarsa ta tsaya a matsayin uwa, kuma kafin shekara ta zagayo aka ɗauke su zuwa wani gari mai nisa.

Da cikin matata ya shiga wata bakwai, yayyenta mata suka zo tafiya da ita goyon ciki, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Suna tsakar gida suna ɗaure kaya, ta leƙo ɗakina ta ce, "Malam, ga garin kunu nan na daka maka, yana cikin kwalla. Don Allah kada ka riƙa zama da yunwa."

Na ce to.

Ta ɗan tsaya tana wasa da bakin mayafinta, sannan ta rage murya. "Kayan nan fa? Wa zai haɗa?"

Na ce mata kada ta sa wannan a ranta, an gama magana. Alhali ko sunan kayan ban sani ba.

A wajenmu dangin miji mata su ke haɗa kayan haihuwa. Uwa ko gwaggo ko yaya, su za su shiga kasuwa su zaɓo, su jera a akwati, su ɗauka da guɗa su kai gidan mai jego. Shi namiji nasa rago da itace, sauran kuma ya kawar da kai kamar bai san ana yi ba. Balle ɗan fari, wanda ko zancensa aka ɗauko a gabanka sai ka tashi ka ba da wuri. Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai: na sha ganin an kai ɗan fari yaye gidan kakanni, shi ke nan ya zama nasu. Wanda ke da dangi ba ya jin wannan. Ni kuwa abin da ke cikin nan shi ne mutum na farko da zan gani mai jinina tun bayan mahaifiyata.

Na tuntuɓi abokina da muke aiki tare a kaikaice, ban fito fili na faɗa ba, shi ko auren bai yi ba. Ya ce, "Kai dai nemi rago mai kyau, sauran ai na mata ne."

Na ce, "To ai matan ne babu."

Ya sosa ƙeya, ya ce Allah zai kawo mafita. Daga nan ya koma zancen wani bijimi da ya kusa karya masa hannu. Ban ga laifinsa ba, iyakar abin da ya sani ke nan.

Gidan ya yi mini faɗi. In na dawo da yamma, babu hayaƙi a madafa, babu mai cewa sannu da zuwa. Na dama kunun nan ya yi gudaji, na sha a haka. Matan gidan da nake haya suna kulle, tsakanina da su sai gaisuwa ta bayan zana, ba zan iya buɗe baki in tambaye su abin da jariri ke sawa ba. Da na ga kwanaki na tafiya, na ce to, ni ne uwar, ni ne gwaggon.

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci. Da na sallami masu shanu, na wanke hannu na nufi layin masu zannuwa, inda ban taɓa takawa ba. Na wuce, na dawo, na sayi goron da ba ci nake ba, na sake wucewa. Akwai wata dattijuwa daga tsallaken iyaka, cikin waɗanda muke kira 'yan Faransa, ta baje atamfofi da kayan yara. Ita ta gaji da ni.

"Malam, tun ɗazu kake kewaya rumfata. Akuyarka ce ta ɓata?"

Na durƙusa kamar mai gaisuwa, na ce, "Wani abokina ne iyalinsa ke kan hanya. Shi ne ya aiko ni."

"Ta fari ce?"

"Haka ya ce."

"To zanin goyo wanne yake so, saƙi ko atamfa?"

Na ce ta ba ni duka. Ta tambaye ni majanyi, na ce shi ma duka, ban san ma iri nawa ne ba. Ta zube mini 'yan riguna da huluna da safa. Na ɗaga wata riga na ga tafin hannuna ya kusa rufe ta, na ce wannan ai ta yi kaɗan, a ba ni manya. Ni da na san girman ɗan maraƙi tun daga nesa, ban taɓa riƙe jaririn mutum ba. Da aka zo kan baho, na riƙa ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya ina kasa kunne, kamar akwai abin da zan ji. Na ɗauki mai furanni, na ajiye don kada ya zama namiji ne, na ɗauki shuɗi, na ajiye don kada ya zama mace ce. Ƙarshe na tashi da fari fat. Na haɗa da tawul da hoda da sabulu da man shafawa da ɗan gidan sauro.

Tana ɗaure mini kayan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Abokin naka ba shi da uwa ne? Ko yaya?"

Na ce, "Ba shi da kowa."

Ta ja igiyar ta ƙulle, ta miƙo mini. "To ka ce ina gaishe shi. Ka ce masa ya yi ƙoƙari."

Na saɓa kayan na bi ta bayan rumfuna don kada in haɗu da wanda ya san ni.

Shi keken kuwa a Gumel na gamu da shi. Nakan je karɓo magani a ofishinmu, kuma hanyar ta bi ta gaban gidajen malaman makaranta. A lokacin akwai malamai 'yan Indiya. Wata la'asar na ga ɗaya daga cikinsu da matarsa suna tafe a gefen kwalta, shi yana tura wani ɗan keke mai ƙafa huɗu da rumfa, jaririnsu a ciki. In sun ɗan taka sai ya sunkuya ya yi wa yaron magana, ya yi dariya, a gaban kowa, ko a jikinsa. Na tsaya ƙarƙashin darbejiya ina kallonsu har suka sha kwana.

Tun daga ranar abin ya zauna mini a rai. Na yi lissafina irin na mai wayo. Namiji ba ya goyo. Ɗan fari ba a saɓa shi a kafaɗa a fita da shi. Amma in a keke yake, ai keke nake turawa, ba ɗa na ɗauka ba. Wa zai ce na yi rashin kunya? Haka na yi ta gaya wa kaina, kuma da yake babu wanda zan gaya wa ya yi mini dariya tun da wuri, sai na yarda da kaina.

Zuwana na gaba na ji an ce malamin zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayan gida. Na je na tarar ana ta ɗibar kujeru da tukwane, keken yana gefe babu mai kallonsa. Na nuna shi. Malamin ya dube ni, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Yaro naka? Na fari?"

Na ce, "E, nawa ne. Na fari."

Ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, ya kira matarsa ya gaya mata da yarensu, ita ma ta yi ta murmushi. Shi ne mutum na farko da na buɗe baki na gaya wa zan zama uba, kuma na iya faɗa ne don na san jibi zai bar ƙasar. Ya nuna mini yadda ake naɗe rumfar da yadda ake taka birki. Na naɗe keken cikin tabarma na ɗora a saman motar Maigatari. Duk wanda ya tambaya sai in ce kayan aiki ne.

A ɗakin matata na ajiye shi. Na wanke shi da sabulu, na ɗiga wa ƙafafun man keken ɗinki. In na dawo aiki sai in tura shi daga wannan bango zuwa wancan, in taka birki, in saki. Wata rana har kabewa na sa a ciki don in ji nauyin. Da wani ya leƙo ya gan ni, ƙato da gemu yana yawo da kabewa a ɗaki, da an ce allurar shanun ce ta taɓa ni.

An fara yankan gero labari ya zo. Ina tsakiyar kara da allura a hannu, wani mutumin Ɗanzomo da ya kawo shanu ya dafa ni ya ce, "Malam, an ce in gaya maka an sauka lafiya tun shekaranjiya. Mace ce."

Na ce, "Madalla," kamar an gaya mini farashin dusa. Na juya zan ci gaba da aiki, na kasa. Na miƙa wa abokina allurar na zaga bayan katanga. Na tsaya can ina ta murmushi ni kaɗai, ina neman wanda zan ruga in gaya wa. Na bi mutanen duniya kaf a zuciyata, ban samu ko ɗaya ba. Sai na ji murmushin ya koma wani abu daban. Na daɗe a wurin kafin na share fuska na dawo.

Ana gobe suna na kama hanya. Daga Maigatari zuwa Gumel, daga Gumel na shiga motar Sule Tankarkar na sauka Ɗanzomo, da akwati da baho da rago da keke cikin tabarmarsa. Kayan da ya kamata jerin mata su shigar da guɗa, ni na riƙa jido su daga bakin hanya ina ajiyewa a ƙofar gida, ragon yana ja na baya. Surukina ya fito ya tarbe ni da mutunci, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka shiga da kayan.

Tsakanin zauren da tsakar gida katanga ɗaya ce, ina jin komai. Na ji an buɗe akwati. Na ji ana yaba saƙin. Na ji wata ta ce rigunan nan sai yarinya ta yi tafiya za ta sa su. Sannan aka kwance tabarmar keken, sai dariya ta ɓarke.

"Wannan kuma fa? Amalanken 'yan tsana?"

"Tura mu gani!"

Ƙasar Ɗanzomo yashi ce, ƙafa ma nutsewa take. Na ji suna nishi suna cewa ya kafe, a ɗaga ta gaba. Ni sai a lokacin na tuna cewa a kan kwalta na ga ana tura shi, kuma daga ƙofar gidana ta Maigatari har inda ido ya tsaya babu kwalta. Surukina ya ƙura wa carbinsa ido kamar bai ji ba.

Dariyar ba ta dame ni sosai ba, na cancance ta. Abin da ya soke ni shi ne muryar surukata, da ta tsawatar musu, sannan ta ce a hankali, "Ku bari. Allah sarki, rashin uwa ne." Ba da mugunta ta faɗa ba, tausayi ne. Amma na gwammace a yi ta dariyar har dare.

Da safe aka raɗa suna. Sunan mahaifiyata na raɗa wa liman a kunne. Aka yi addu'a, aka raba goro, aka yanka rago. Zauren ya cika maƙil, kawunnai da baffanni da maƙwabta, kowa na yi wa kowa barka, kuma duk wanda na duba nata ne. Daga cikin gida ana ta guɗa. Ina jin kukan jaririya sama-sama, in ya tashi sai in sunkuyar da kai in gyara hula, don kada a ga na kasa kunne. Har azahar ban sa ta a ido ba, kuma babu wanda ya ga wani abu a cikin haka. Ni ma ban isa in tambaya ba.

Bayan la'asar na yi wa surukina sallama zan bi motar ƙarshe. Ina sa takalmi sai ga kakar matata ta dogaro sanda. Tsohuwa ce tukuf, tun ranar aurenmu take kirana angonta, ni kuma in ce amarya.

Ta ce, "Ina angon nawa? Guduwa za ka yi? Zo ka kwashe shirgin nan da ka kawo, an jibge mini shi a ɗaki, ko wurin sallah babu."

Mutane suka yi dariya, na bi ta ina jin kunya. Ɗakinta na kusa da zaure, ba sai an ratsa mata ba. Na sunkuya na shiga. Ɗakin daɓe ne mai santsi, keken yana tsakiya, an shimfiɗa saƙin da na zaɓo a ciki. A kan saƙin kuma ga 'yata nan, tana barci, an ja mata layin kwalli a gira.

Tsohuwar ta ce, "Ni zan je alwala. Ka san ƙafata ba ta sauri. Kada ka bari ƙawata ta yi kuka." Ta fita ta saki asabari.

Na daɗe a tsaye kafin na iya miƙa hannu. Ban san ta inda ake kamawa ba. Na tallabo kan da tafi ɗaya, na ɗago ta, na ji ba ta kai nauyin kabewar nan ba. Tana ƙanshin hoda da hayaƙi. Hular da na saya ta rufe mata har ido, na tura ta baya da ɗan yatsa. Na duba goshin, na duba kunnen, ina neman wani abu da na sani, kuma ban san ko na gani ba ko zuciyata ce ta nuna mini. Ta motsa baki, ta buɗe ido ɗaya. Na ji bakina ya ce, "Inna, sannu da zuwa." Rabon da in kira wani da wannan suna tun ina ɗalibi.

Ta bayan asabari na ji motsi, sai muryar matata ƙasa-ƙasa. "Malam, ka rame."

Na ce, "Kunun ne ya ƙare."

Ta yi 'yar dariya. "Kayan sun yi kyau. Har keken."

"Kada ki rufa mini asiri, na ji komai."

"Ni dai ya yi mini," in ji ta. Sai aka kira ta daga ciki, ta tafi.

Alwalar tsohuwa ba ta ƙare ba sai da direba ya gaji da yi mini ham.

Na koma Maigatari ni kaɗai. Ɗakin ya fi da faɗi, don yanzu ko keken da nake turawa babu. Aka yi arba'in ba su dawo ba, aka ce sai an gama kai amfanin gona gida, sai mai jego ta ƙara ƙwari. Na ci gaba da dama kununa mai gudaji. Ranar da suka dawo, a bayan uwarta yarinyar ta zo, ɗaure da majanyi. Keken ya zauna ɗakin tsohuwa, a ciki ake kwantar da duk jaririn da aka haifa a gidan in uwarsa na wanka, har ƙafafun suka zube. Ni dai ban taɓa tura shi da mutum a ciki ba.

Da lokacin yaye ya yi, surukata ta zo da kanta ta ɗauke ta. Na raka su mota, na dawo na zauna na ce shi ke nan, abin da nake tsoro ya faru. Ban iya cin abinci sosai a makonnin nan ba, matata tana gani. Sai wata Alhamis na dawo daga kara na tarar da takalmin baƙuwa a ƙofar ɗaki, da wata 'yar murya tana gwaranci a ciki. Na durƙusa daga waje na gaida surukata. Ba ta saba doguwar magana da ni ba. Ta ce, "Ga ta nan na dawo da ita. Mu can muna da yawa."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Kaina na ƙasa har ta gama ta shiga wata maganar da 'yarta.

Yau yarinyar nan tana da jikoki. Ina ganin samarin yanzu suna shiga kanti da matansu, suna ɗaga 'yan riguna suna gardamar launi, har kujerar mota ake saya wa jariri. Wasu tsofaffi na cewa kunya ta ƙare. Ni ba na cewa komai, don na san abin da kunyar nan ta sa na haɗiye. Abin da na gane shi ne, rashin sanin abin da za a saya ba shi ne wahalar ba, wannan ko a kasuwa wani zai nuna maka. In baƙin ciki ya same ka, ko ba ka da kowa mutane za su taru. Farin ciki ne ke neman naka na jiki, kuma in babu su, nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Har yanzu in na tuna tsayuwar nan a bayan katangar kara, sai in ji kaɗaicin ya dawo mini sabo, duk da gidana ya cika da mutane.

Shi ya sa in aka turo wani yaro baƙo aiki unguwarmu, na ji an ce iyalinsa ta yi nauyi, ba na tambayarsa ko yana buƙatar wani abu, don na san zai ce a'a. Shiga gida kawai nake yi in ce wa matata ta ɗauko mayafinta, ta je ta haɗa masa kayan haihuwa.